Habbatus Sauda da Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani

Wasiƙar farko a shirin lafiya na wannan makon ta fito ne daga wata uwa a Funtuwa. Maruru ya addabi ɗanta, kafson da ta sayo a kemis bai yi komai ba, maƙwabciya kuma ta ce ta koma ga man habbatus sauda. Ko gaskiya ne yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari maganin asibiti?

Mai gabatarwa bai yi gaggawar musantawa ba. Ya ce a cikin habbatus sauda akwai sinadarin taimokwinon, wanda aka gani a ɗakunan gwaji yana hana wasu ƙwayoyin cuta hayayyafa, har da MRSA, mai haddasa maruru da ruɓar ciwo, wadda ta daina jin yawancin magungunan dangin fenisilin. Akan shuka ƙwayar cutar ne a ɗan faranti, a ɗiga abin da aka tatso daga irin, washegari a auna faɗin wurin da ta kasa tsirowa.

"Amma Hajiya, a jikin yaro sai abu ya bi ta ciki da hanta kafin ya isa ga ciwon," in ji shi. "Ki kai shi asibiti a ɗebi mugunyar a gwada, a san maganin da take ji." Shawarar ta dace, domin nasarar faranti ba ta faɗin adadin da mutum zai sha ya warke ba tare da illa ba.

Wani manomi daga Maraɗi ya tambayi batun 'ya'yan zogale. Amsar mai gabatarwa gajera ce: matan karkara a Sudan sun daɗe suna daka su don tace ruwan Nilu, garin yana janyo laka da ƙwayoyin cuta masu yawa su kwanta ƙasa, amma ba duka ba, don haka a tafasa ruwan.

Inda muryar mai gabatarwa ta ɗaga shi ne kan kafso ja da yalo da ake tallarsa a tire, mutum ya sha biyu ya bari. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi kashedin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba na koya wa ƙwayar cuta jurewa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa irin wannan juriya ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.