Ingilishin da Za Ku Ci Abinci da Shi

Ƴaƴana ƴan kwalej da ƴan lise na Madarunfa, da ku da kuka ajiye lakwal kuka kama kasuwa, maganata yau a kan Ingilishi ce. Na san yadda kuka ɗauke shi. Darasi ne da ake fara muku a shekarar farko ta kwalej, mushe ya cika allo da kalmomi, ku kwafe, ku haddace daren jarrabawa, da an karɓi takarda ku zubar da su a ƙofar aji. Alhali daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar babur ce, kuma da mutum ya tsallaka ya shiga Jibiya, duk takardar da hukuma za ta miƙo masa da Ingilishi take. Tun watan Maris na 2025 ma, kundin da ake tafiyar da ƙasarmu da shi ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Bari in ba ku labarin waɗanda suka fi ku shan wuya a kan wannan harshe, wato Sinawa. Ba baƙi ba ne a wurinku. Su ne suka gina matatar mai ta SORAZ a yankin Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, su ne kuma suka shimfiɗa bututun mai daga Agadem har gaɓar teku a Benin. Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a Kano ya gan su zaune cikin dilolin atamfa. To ɗan Sin, rubutun harshensa na alamomi ne, sai ya san wajen dubu uku kafin ya karanta jarida da daɗi. A maganarsu aikatau ba ya canza kama, jiya da yau da gobe duk siffarsa guda. "Shi" da "ita" kuwa a baki sauti ɗaya ne, shi ya sa za ka ji Basine yana ba ka labarin matarsa da Ingilishi yana ta ce mata "shi". Kalmomin da harshensa ya haɗa da Ingilishi ƴan ƙalilan ne. Kusan komai sai ya ɗauko daga tushe.

Ku fa? Kun shigo da guzuri biyu ba ku sani ba. Na farko Hausar bakinku, wadda maƙwabtaka da Nijeriya ta cika da aro: mota, tebur, banki, kotu, lauya, direba. Na biyu Faransancin da kuka sha bulala a kansa. Tun da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana zama harshen fada da shari'a a can, sai Ingilishi ya kwashi dubban kalmomi daga gare shi. Manyan kalmomin ofis da na likita da na kimiyya, waɗanda ɗalibin Sin ke kwana yana haddacewa, ku da kun gan su a rubuce kun gane su. Abin da ya rage muku gyaran baki ne, don kada ku karanta Ingilishi da lafazin Faransanci, kuna haɗiye ƙarshen kalma.

Duk da wuyar nan Sinawa ba su ja baya ba. Tun 2001 hukumar ilimin ƙasarsu ta ce a fara koyar da Ingilishi daga aji uku na firamare, kuma harshen waje yana cikin manyan darussa uku na jarrabawar shiga jami'a da suke yi kowane watan Yuni. Sai dai sun faɗa wani rami da nake jiye muku. Yaro ya haddace kalmomi dubbai, ya ci jarrabawa, amma ranar da baƙo ya tsayar da shi ya tambayi hanya, bakinsa ya mutu. Su da kansu suka raɗa wa abin suna, Ingilishin bebe. Wannan ne ya sa a shekarun 1990 wani malami mai suna Li Yang ya yi tashe da tara jama'a a fili yana sa su faɗin jimloli da ƙarfi, don a kashe kunya. Ban ce ku je bakin tafki kuna ihu ba, masunta za su ɗauka an yi gamo. Amma gaskiyar mutumin a nan take: abin da baki bai saba furtawa ba, ba ya fitowa ranar buƙata.

Wata dabararsu ta fi dacewa da ku. A jami'o'insu da wuraren shaƙatawa akan ware wani lungu, a sa rana, duk wanda ya zo ba ya magana sai da Ingilishi, ko ya iya ko bai iya ba. Ku kuna da fada, kuna da butar shayi da gawayi, kuna zaune har dare ya raba. Ku ware dare guda a mako, daga zuba shayi na farko zuwa na biyu kada kowa ya yi Hausa ko Faransanci. Za a yi dariya, a yi ta. Wanda ya fi yi wa mutane dariya, shi za a ba labarin da zai fara bayarwa mako mai zuwa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, ku daina tara kalmomi ɗaiɗai. Kalma ita kaɗai kamar hatsi ne a zangarniya, sai an sussuka an daka kafin a ci. Ku tara jimloli cikakku, waɗanda aikinku ke bukata. Ɗauki kaye, ka rubuta da Hausa maganganu goma da kake yi kullum a sana'arka. In ɗan kasuwa ne: nawa za ka bar mini in na ɗauki katan hamsin? Yaushe kaya za su iso? Wannan ba irin samfurin da ka nuna mini ba ne. Kai wa mushe ko wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya juya maka su, ya karanta maka a waya ka riƙa saurare kana maimaitawa. Jimloli biyu kuma su riga kowace shiga bakinka: maimaita a hankali, da kuma rubuta mini. Ƴan matana masu burin aikin asibiti, ku naku kayen ku fara shi da kwalin magani, domin da yawa daga magungunan da ke shigo mana daga Nijeriya da Indiya bayaninsu da Ingilishi yake.

Yanzu ku matso, ga inda ake asara, wato lissafi. Ranar da Bahaushe da Basine suka zauna ciniki da Ingilishi, kowannensu harshen aro yake yi, kowanne kuma da irin ƙidayar da ke cikin kansa. Mu nan dala muke ƙirgawa, dala ashirin sefa ɗari ce, jikka kuwa sefa dubu, alhali a Kano in an ce jaka naira ɗari biyu ake nufi. Ka furta dala a gaban baƙo, shi kuɗin Amurka ya ji. Basine shi kuma dubu goma-goma yake ɗaure ƙidayarsa. Dubu ɗari a wurinsa dubu goma ce sau goma, miliyan kuma dubu goma sau ɗari, don haka wajen juyawa zuwa Ingilishi sifili guda kan ƙaru ko ya ɓace. Ga kuma Ingilishin kansa, inda sha uku da talatin, ko sha biyar da hamsin, bambancinsu ɗan sauti ne a wutsiyar kalma. A rubuce ma akwai tarko. Lakwal ta koya muku 1,5 ɗaya da rabi ne, mai Ingilishi kuwa 1.5 zai rubuta, waƙafi a wurinsa na raba dubbai ne. Kwanan wata ma haka, Basine da shekara yake farawa, Ba'amurke da wata, mu da rana. Shi ya sa za ka ga tsofaffin ƴan kasuwa, har waɗanda suka saba zuwa baje kolin Guangzhou da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, ba sa yarda da kunne. Wannan ya danna adadi a kalkuleta ya juya wa wancan, wancan ya goge ya danna nasa. Ku yi koyi da su, kuma sunan wata ku rubuta shi da haruffa.

Za ku ce waya tana fassara. Tana yi, ku yi amfani da ita, musamman wajen jin lafazi. Amma intanet kan yanke, caji kan ƙare, kuma wanda ke neman ma'aikaci mutum yake so ya ji yana magana. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, ta yankinmu aka tsara zai bi. Duk ranar da ya kammala, masu takardun kaya da masu tafinta za a nema.

In kunya ta motsa muku, ku kama sashen Hausa na rediyon ƙasar Sin, wanda ke watsa shiri tun 1963. Za ku ji Sinawa suna karanta labarai da Hausa, da sunayen Hausawa da suka raɗa wa kansu. Wani harafin yakan kufce musu, su wuce abinsu, mu kuma muna ganewa sarai. Ku sayi kayen nan ranar kasuwa mai zuwa, wanda ya cika jimlolinsa goma ya kawo in gani. Allah ya yi muku albarka.