Ma'aikacin Lafiya na Ƙauye da Kunun Yaro

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, yawancinmu in mun gama a nan ƙauye za a tura mu. A can za mu iske wani ma'aikaci da ya kamata mu san aikinsa, watau ma'aikacin lafiya na ƙauye, ko mace ko namiji. Bai kai likita ba, amma an koya masa rigakafi, da awon ciki, da maganin ƙananan cututtuka. Sashi ɗaya na aikinsa na ke so mu duba yau, shi ne lura da abincin mata masu ciki da na ƙananan yara.

Sai mu fara da cutar tukuna. A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta ba da bayanin wata cuta da ke kama yara bayan yaye. Ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saluɓewa, yaro ya ƙi wasa ya ƙi abinci. A 1935 ta sa mata sunan da mutanen Ga su ke kiranta da shi, kwashiyoko, watau ciwon da yaro ke samu sa'ad da ƙanensa ya ture shi daga nono. Mu ma mun san wannan, gama muna da kalmar kwanika, kuma tsofaffinmu sun daɗe suna jin tsoronta. Akwai kuma tamowa irin wadda ba kumburi, yaro ya rame ƙwarai har fuskarsa ta zama kamar ta tsoho.

Abin wuya shi ne, cutar tana fara aiki tun ido bai gani ba. Alamarta ta fari ita ce yaro ya daina ƙara nauyi. Lafiyayyen jariri ya kan ninka nauyinsa na haihuwa wajen wata 5, ya kai ninki uku a shekara guda. Uwa kuwa kullum yaron yana bayanta, da ƙyar za ta lura girma ya tsaya. Domin wannan ne Dokta David Morley, wanda ya zo Nijeriya a 1956 ya yi aiki a Imesi-Ile kusa da Ilesha, ya shirya kati mai zane inda a ke ɗiga nauyin yaro wata-wata. In layin yana hawa, lafiya. In ya miƙe ko ya sauka, akwai magana. Ya kuma bar katin a hannun uwa maimakon a kulle shi a asibiti, ni kuwa a ganina wannan ya fi kome hikima a cikin shirin.

To, wane ne zai auna yaro kowane wata a ƙauyen da ke nesa da asibiti? Sai wanda ke zaune a wurin. A shekarun 1970 aka yi wani shiri a Garkida ta ƙasar Adamawa: mutanen ƙauye su zaɓi nasu, a kai su a koya musu na 'yan watanni, su komo suna koyar da kiwon lafiya ta hanyar labaru da waƙa da wasan kwaikwayo. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka yarda a kai kiwon lafiya kusa da ƙofar talaka, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya ƙarfafa wannan a Nijeriya sa'ad da ya ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992.

Banda sikeli, ma'aikacin yana da wata 'yar igiya mai launi uku, wadda a ke zagaya wa tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 har zuwa shekara 5. In ta nuna kore, sai godiya. Rawaya, watau tsakanin santimita 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, yaron yana cikin haɗari. Zai kuma danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa ya ƙirga uku. In rami ya zauna, kumburi ne. Irin waɗannan sai ya tura su asibiti nan da nan, inda a ke ba da abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin ƙunshi.

Amma yawancin yara ba su kai can ba, maganinsu yana cikin rumbun gida. Ku dubi kunun da a ke ba yaro. A dama dawa ko masara ko acca, a tace, a ƙara ruwa har ya tsinke domin ya yi sauƙin haɗiya. Cikin yaro ɗan wata 8 bai fi ƙaramin kofi ba. In an cika shi da ruwa-ruwa, yaro ya ƙoshi, uwa ta ga ya ƙoshi, amma jiki bai sami abin gini ba. Abin da ma'aikacin ke koyarwa shi ne a yi kunu da kauri har ya tsaya a cokali, a zuba garin gyaɗa ko na waken soya da aka soya, ko riɗi, ko dakakken busasshen kifi, da ɗan cokalin manja. A ƙara ganyen zogale, da gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 sau 3 ko 4, nono kuwa a ci gaba har shekara 2. A zuba masa a ƙwaryarsa dabam, gama in ya sa hannu tare da yayyensa su za su cinye.

Akwai al'adun da sai an bi su da hankali. A wurare da yawa a kan matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali shi ne ke tsare jariri daga cututtuka tun ranar fari. A kan ba jariri ruwa, wai ƙishirwa, alhali nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ruwan kuma shi ke kawo zawo. A kan hana yaro ƙwai, wai zai yi sata. Na lura uwar yaro ba ita ke yanke waɗannan shawarwari ba, kaka ce da ungozoma da maigida. Saboda haka ma'aikaci mai hankali ya kan fara gai da tsohuwa tukuna, ya nemi yardarta, sa'an nan ya yi magana da amarya.

Mace mai ciki ita ma tana cikin lissafinsa. Yana ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ya sa ta kwana cikin gidan sauro, ya kuma roƙi miji a ƙara mata abinci a rage mata aikin gona.

Ina namu aikin? 'Yan makarantarmu su ne ke goyon ƙannensu in an tashi. A darasin kiwon lafiya ku gayyaci ma'aikacin ya zo da igiyarsa da katinsa. A darasin lissafi ku ba yara nauyin wani jariri na wata 12, su ɗiga a takarda mai gidaje, su nuna watan da layin ya tsaya. A gonar makaranta kuma ku keɓe kunya biyu ko uku domin waken soya da gyaɗa, in an girbe a dama kunu iri biyu a gaban aji, mai ruwa da mai kauri, kowane yaro ya ɗiba da cokali ya gani.