Tushen Siddabarun Hoto A Fim

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bayyana tushen siddabarun hoto, watau dabarun nuna wa mai kallo abin da bai auku a gaban kyamara ba.

Da farko, ya kamata ɗalibi ya san cewa fim jerin hotuna ne sandararru, waɗanda ake gilmar da guda 24 cikin daƙiƙa ɗaya, ido kuwa ya ɗauka motsi ne. Saboda haka, wanda ya iya sarrafa hotunan ɗaya bayan ɗaya, shi ke da iko da abin da ido zai gaskata.

Dabara ta farko ita ce tsai da ɗauka, ɗan wasa ya fice, sannan a ci gaba, sai a ga ya ɓace ɓat. Georges Méliès, mutumin Faransa, ya fara aiki da ita a 1896, kuma da irinta ake ɓatar da aljanu a finafinan Hausa. Ta biyu, a riƙa gusa mutum-mutumi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto guda-guda, kamar yadda aka yi a King Kong a 1933. Haka ma ake motsa rubutu da zane. Ta uku, a ɗauki mutum gaban shuɗi ko koren ƙyalle, a cire launin, a sa wani wuri a madadinsa.

Kwamfuta ta sauƙaƙa aikin, amma tushen na nan. Mai koyo dai ya kiyaye abu biyu: kada kyamara ta gusa, kada haske ya sāke tsakanin ɗauka da ɗauka, in ba haka ba asiri ya tonu.