Zanen Jiki da Ma'anarsa

'Yan'uwa, kadan mutum ya shiga kasuwar Gusau, ko ta Tsafe, ko ta Bungudu, ya duba fuskokin tsofaffi, za ya ga rubutu wanda ba da tawada aka yi shi ba. Samarinmu kuwa sun fara ganin wani irin zane a jikin mawaƙa da 'yan ƙwallo, suna sha'awa. Bari mu bincika duka biyu.

1. Tsagar gado. Wanzami ne ke yin ta da aska, yawanci ran suna. Bagobiri yana da layuka daga gefen baki zuwa wajen kunne, Babarbare kuma dogayen layuka a kumatu da goshi. A zamanin yaƙi da kamun bayi, tsaga ta kan nuna asalin mutum, har danginsa su gane shi a baƙuwar ƙasa.

2. Tsagar ado da ta magani. Mata su kan yi jarfa a fuska ko wuya, a shafa baƙi domin zanen ya fito. Bille da kalangu su ma sanannu ne. Akan tsaga wurin ciwo a zuba magani. Waɗansu kuma su kan yi wa ɗan wabi alama, suna zaton mutuwa za ta ƙyale shi.

3. Zanen Turai. Su da allura su ke cusa tawada cikin fata. A shekara ta 1891 Samuel O'Reilly na Amurka ya yi rajistar injin yin wannan aiki. Wajen 1980 wata ƙungiyar samari ta taso a Ingila, ana ce da su Got. Suna son baƙaƙen tufafi da waƙoƙin baƙin ciki. Zanensu ƙoƙon kan mutum ne, da jemage, da hankaka, da gicciye. Ƙoƙon kai yana tuna masu da mutuwa, jemage kuwa dare. Gicciyen da yawansu ado ne kawai. Bambancin ke nan: tsagar gado iyaye ne suka zaɓa, wannan kuwa mutum ne ya zaɓa da kansa.

4. Abin da za mu lura. Zane magana ne, ba ya kuwa yin shiru. Lalle ya kan goge bayan 'yan makonni, amma abin da ya shiga fata, fitarsa sai da wahala da kuɗi masu-yawa. Yaro a Wonaka ya iya kwaikwayon zanen da ya gani a waya bai san fassararsa ba, ya ɗauke shi har tsufa. Ga kuma hatsari, gama aska ɗaya ko allura ɗaya ta kan kai ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga ko zane.

Littafin Firistoci 19:28 ya hana Isra'ilawa tsaga jiki sabili da matattu, ya hana su zane kuma. Amma kada wannan ya sa mu rena dattijon da ke da tsaga, gama yana jariri aka yi masa. Saurayin da ya rigaya ya yi zane kuma, kada a kore shi daga sujada. Mu dai tsare 'ya'yanmu daga aska, mu koya masu asalinsu da baki.

Tambayoyi
1. Wane amfani tsagar gado ta yi a dā?
2. Ina bambancin lalle da jarfa?
3. Kadan ɗanka ya ce yana son zane, me za ka fara tambayarsa?