Idan Likitan Gidanku Na Shirin Jarrabawar Tiyata

Likitan da ya gama jami'a, ya yi shekarar horo a asibiti, ya yi bautar ƙasa, bai zama ƙwararren mai tiyata ba tukuna. Sai ya haye jarrabawar da likitoci ke kira firamare kafin a ɗauke shi horon ƙwarewa a asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika. Kwaleji biyu ke shirya ta a Najeriya: ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, wato WACS, wadda ta faro a Ibadan a 1960, da ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979. Masu hangen Ingila kuma suna zana kashin farko na jarrabawar MRCS. Ƙanwata ta bi wannan hanya, a gidanmu aka yi fafutukar, shi ya sa nake magana da iyalin likita, domin rabin aikin a hannunsu yake.

1. Ku fara sanin abin da ke gabansa. Da an ce tambayoyin zaɓi ne, sai mutane su ɗauka canki-canka ce. Ba haka ba ne. A MRCS tambaya 300 ce cikin awa 5, wato minti ɗaya ga kowace tambaya, kowacce da amsa biyar, kuma sau da yawa biyu ko uku duk sun yi kama da gaskiya. Za a ce an yi wa mace aikin maƙoƙo, ta farfaɗo muryarta ta dishe, wace jijiya aka taɓa? Wanda bai san inda jijiyar maƙogwaro ta bi ta bayan wannan ƙullutu ba, ba zai samo ta da hasashe ba. Tsarin jikin mutum, da yadda gaɓoɓi ke aiki, da yadda cuta ke ɓata su, su ne ginshiƙin jarrabawar, kuma littattafansu, irin su Last da Ganong da Robbins, ba a gama su a mako biyu. A ba shi wata huɗu zuwa shida.

2. A ware masa lokaci guda da kowa a gidan ya sani. A ganina bayan sallar asuba ya fi, kafin yara su tashi, kafin waya ta fara ƙara. Awa biyu kullum ta fi kwana guda a zaune har gari ya waye.

3. A tsare masa ƙofa. Wannan ne ya fi wuya, domin gidan da ke da likita ya zama ƙaramin asibitin dangi. Ranar wata Asabar na ƙirga mutum biyar da suka zo wurin ƙanwata kafin azahar, wannan da takardar gwajin jini a leda, wancan da hoton ƙirji. Babu wanda ya zo da mugun nufi, kuma ita ba za ta iya cewa a'a ba. Dole wani babba ya ɗauki nauyin faɗa. Mahaifiyarmu ce ta riƙa tarar baƙi a tsakar gida tana cewa, “Yaya, ki yi haƙuri, tana karatu, bayan la'asar za ta duba miki.” Daga bakin uwa ba wanda ya ji haushi. Rashin lafiya ta gaggawa daban ce, wannan a tashe shi ko da tsakar dare. Biki da suna kuwa, wani ya je a madadinsa da gudummawarsa.

4. Wuta da data. Yawancin tambayoyin gwaji a intanet suke. Fitilar sola mai kyau, da abin ajiye caji, da datar wata guda da ba a taɓa ta don kallon bidiyo, sun isa.

5. A fara tara kuɗi da wuri, ko da adashi ne. Ban da kuɗin rajista akwai na littattafai, na mota, na masauki idan cibiyar ba a garinku take ba. Na MRCS da fam ɗin Ingila ake biya, kuma sau shida kawai aka yarda mutum ya zauna kashin farko, don haka kada a matsa masa ya yi rajista “don a gwada” alhali bai shirya ba.

6. Ku zama masu yi masa tambaya. Ba sai kun san likitanci ba, ƙaramin ɗan sakandare ma zai iya riƙe agogo. Sau ɗaya a mako a zaunar da shi kamar a ɗakin jarrabawa, tambaya 60 cikin minti 60, a karɓe wayarsa. Bayan nan kada ku tsaya kan maki nawa ya ci. Ku tambaye shi me ya sa amsar da ya zaɓa ba daidai ba ce. In ya iya bayyana muku da Hausa har kuka gane, ta zauna masa.

7. Idan likitar matar gida ce, maigida ya san nauyin ya ninka. Ta dawo daga kwanan asibiti, girki na jiranta, ga goyo. Namiji in ya ce zai yi karatu, gida kan yi tsit, mace kuwa sai ta saci lokaci tsakanin tukunya da wanki. Wannan bai dace ba. A ɗauko ƙanwa ko a nemi mai aiki na 'yan watannin nan, maigida ya karɓi kai yara makaranta da cefane, kuma shi da kansa ya je ya yi wa danginsa bayani, kada a bar ta da kare kanta.

8. Wanda ya kwana a ɗakin tiyata a bar shi ya yi barci. Karatun da aka yi da gyangyaɗi ba ya zama. Shayi da goro daidai gwargwado ba laifi, amma kada a saya masa ƙwayar hana barci.

9. Makon ƙarshe na bita ne, ba na buɗe sabon littafi ba. A haɗa masa katin shaida da takardar shiga a jaka ɗaya tun ana gobe. In tafiya ce, ya isa garin da kwana ɗaya, ya je ya ga wurin da idonsa, ya ci abincin da cikinsa ya saba da shi. Bayan ya fito kuma a daina yi masa “yaya sakamako?” kullum safiya, ranar da sakamakon ya fito shi zai fara faɗa muku.