Mai sana'a a gida, ya gyara wurin aikinsa

Garin Arlit yana arewa da Agadas, tafiyar kilomita wajen 240. Uraniyom ne ya kafa shi. An buɗe kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a 1971. An kafa COMINAK a 1974, garin Akokan kuma ya tashi kusa da raminsa. Mutane sun zo daga Tawa, Maradi, Damagaram da ƙauyukan Abzin, kowa yana neman abinci.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin COMINAK. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. Albashi ya tsaya, amma tukunya ba ta tsayawa. Wanda ya iya ɗinki, ko dukanci, ko gyaran rediyo da salula, sana'ar nan ce gatansa. Haka mata masu saƙa da ɗinki. Mai ƙaramin jari ba ya iya biyan hayar shago. Gidansa shi ne shagonsa. Sai dai aiki cikin gida yana da ƙa'ida.

1. A ware wuri

Aiki yana son wurinsa shi kaɗai. Zaure ya fi, domin mai kawo aiki ba sai ya shiga cikin gida ba. In babu zaure, a kafa rumfa a kusurwar gida, a kewaye ta da tabarma. Taki 3 a tsawo, taki 2 a faɗi sun isa keken ɗinki da tebur. A nisanta wurin daga murhu da turken awaki. Hayaƙi yana ɓata yadi, akuya kuwa ba ta san takardar mutane ba.

2. A ba iska baya

A Arlit ƙura ce babbar abokiyar gaba. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Saboda haka bangon wannan ɓangare ya zama a rufe, ƙofa ta dubi kudu ko yamma. Idan rairayi ya haɗu da mai cikin keke, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Don haka a fara goge keke da tsumma, sannan a ɗiga mai kaɗan. In an tashi daga aiki, a lulluɓe shi da zane. Mai gyaran salula ya sa ƙananan kayansa cikin kwalba mai murfi.

3. Haske da zama

Haske ya sauka bisa hannu da allura, kada ya bugi ido. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40. Aikin da ke son ido sosai a yi shi da safe. A ajiye tulun ruwa kusa da ƙofa, nesa da wayar lantarki da dutsen guga. Kujera ta zo daidai, ƙafa ta taka ƙasa, baya ya miƙe.

4. Kowane abu da mazauninsa

Abin da ake ɗauka kullum ya zauna inda hannu yake kaiwa. A kafa ƙusoshi a bango, a rataye almakashi da ma'auni. Allura da reza su shiga gwangwani, a ɗora shi sama inda yara ba sa kaiwa. A samu akwati 3: na aikin da aka kawo, na wanda ake yi, na wanda aka gama. Kowane ɗauri a maƙala masa takarda mai sunan mai shi.

5. Hattara da ƙarfen ma'adini

Wannan ya fi kowane muhimmanci. A 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun sami tsofaffin ƙarafa masu tururin uraniyom a kasuwar Arlit. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna tururi mai yawa a wasu titunan Akokan, inda aka zuba duwatsun rami. Ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit ta daɗe tana yi wa jama'a gargaɗi a kan haka.

Ido ba ya ganin wannan tururi, hanci ba ya jin sa. Na'ura kaɗai ke gane shi. Wankewa da ruwa ba ta ba da tabbaci. Mai sana'a yana wuni a wurin aikinsa, yaransa suna wasa a gindinsa. Kada ya yi tebur, ko kanta, ko rufin rumfa da bututu ko ganga da bai san asalinsu ba. Kada ya daɓe ƙasa da duwatsun rami. Katako da tubalin laka sun wadatar. Araha ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.

6. Littafi da lokaci

Nan karatu yake biyan mai shi. A rataye littafi da alƙalami kusa da tebur. A ja layi 5: rana, suna, irin aiki, kuɗin da aka bayar, saura. Kuɗin sana'a su zauna cikin nasu gwangwani, dabam da kuɗin cefane. Wanda ya haɗa su, wata rana zai nemi kuɗin zare ya rasa. Iyali kuma su san lokacin aiki. Da yamma a share wuri, a mai da kome mazauninsa.

Tambayoyi don tattaunawa a makarantar yaƙi da jahilci

1. Don me ƙofar rumfa za ta ba arewa maso gabas baya?
2. Me ya sa ido ba ya isa a gane ƙarfe mai lahani?
3. Wani tela ya ɗinka riga 4, kowace jika 2. Ya sayi zare da maɓalli na jika 1. An ba shi jika 5. Nawa ya rage a biya shi? Nawa ce ribarsa in an biya duka?
4. Kowane ɗalibi ya zana gidansa bisa allo, ya nuna inda zai sa wurin aiki.