Tiyon haidrolik ba ya karɓar faci

'Yan'uwa na Sabo masu bin katafila da tifa, a wurin fasa dutse ko aikin hanya, ku daina naɗe tiyon da ya fashe da roba kuna ɗaurewa da waya. Matsin mai a eskabeta yakan kai bar 300 zuwa 350, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Tiyon da ya fashe, sauya shi ake yi.

Kafin ka ɗauki sifana, sauke bokiti ƙasa, ka kashe inji, ka bar makulli a kunne ka motsa libobi don matsin ya fita. Bari mai ya huce, sannan ka sassauta murfin tanki a hankali.

Kada ka lalubi wurin yoyo da hannu, kara kwali ka gani. Man da ke fita siriri yana huda fata. Ko da ciwon bai fi cizon sauro ba, a garzaya asibitin UCH nan take, a gaya wa likita man haidrolik ne ya shiga. Jinkiri kan jawo yanke yatsa.

Kwance tiyon gaba ɗaya, ka toshe bakunan da ka buɗe, ka tafi da shi wajen masu injin matse kai, a kasuwar Gate ko inda ka saba. Karanta rubutun jikinsa, akwai faɗinsa da matsin da yake ɗauka. Idan mai waya huɗu ne, kada a lallashe ka da mai waya biyu. Araha ba ta ado. Haƙoran kan Caterpillar da na Komatsu sun bambanta, a gwada a gabanka. Sabon kai za a sa, kuma a share cikin tiyon bayan an yanka, domin ɓarɓashin roba da waya na kashe famfo.

Wajen ɗaurawa, riƙe da sifana biyu. Dubi layin rubutun: in ya karkace, tiyon ya murɗe, sassauta ka sake. Kada ya ɗame, kada ya gogi ƙarfe. Ƙara mai irin wanda ke ciki, ko lamba 46 ko 68, ka tayar da inji, ka motsa hannun sannu a hankali.

Ka duba maƙwabtan tiyon ma. Wanda robarsa ta tsattsage ko ta kumbura, cire shi yau, tun kafin ya tsayar maka da aiki a tsakiyar daji.